Tallan injin ƙyanƙyasa: in rubuta ribar ko in bari?

Abban Khadija (wajen Ringim): Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa injin ƙyanƙyashe ƙwai mai aiki da sola, mai cin ƙwai 120. Zan biya kuɗin talla a Facebook, sai na rubuta: "Sayi injinmu ka riƙa samun naira dubu 150 duk wata kana zaune a gida." Ɗan yayana da ke riƙe min shafin ya ƙi sakawa, wai za a iya rufe mana asusun talla. Ni kuwa ba ƙarya na yi ba, akwai wata baiwar Allah da ta samu haka a daminar bara da ƙwan zabi. Ina laifin?

Malam Na Taura: Wa alaikumus salam. Yaron nan ya fi ka gaskiya, Abban Khadija. Mutum nawa ka sayar wa injin, nawa ne suka samu dubu 150 ɗin? In ɗaya ce cikin ashirin, ai ka ɗauki sa'ar mutum guda ka mayar alƙawari ga kowa. Ƙa'idar tallan Meta, masu Facebook da Instagram, ta hana yi wa mutane romon baka kan samun kuɗi mai yawa ba wahala. Wannan "kana zaune a gida" kaɗai ya isa a yi watsi da tallan. A nan gida kuma akwai ARCON, hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, wadda ta gaji tsohuwar hukumar APCON a 2022. Dokarta ta ce a kai talla a tantance kafin a sake shi, har na intanet. Mai saye kuma in ya ga an yaudare shi, yana iya kai kuka FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye.

Maman Sadiq: Ni ma ina kiwo. Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabuwa har kusan 28, to ta yaya za a ce "duk wata"? Zabin gida ma sai damina suke zuba ƙwai sosai. Ka cire kuɗin ƙwan, da na dusa, da rigakafi, da baragurbi, da tsakin da sanyi ke kashewa a satin farko? Ran da hadari ya yini batir ya yi ƙasa fa? Wallahi da idona na ga tire guda ya lalace, warin ya kwana biyu a zaure.

Ɗan Maigatari: Tun faɗuwar MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren zuba kuɗin nan da suka cinye kuɗin jama'a, ni da na ga adadin kuɗi a talla nake wucewa.

Abban Khadija: To Malam, me zan rubuta ke nan? Kada tallan ya zama lami.

Malam Na Taura: Rubuta abin da ke hannunka: yawan ƙwan da yake ci, girman batir da farantin sola, farashi, da wata nawa za ka gyara kyauta. Ɗauki bidiyon tsaki suna fasa ɓawo, ya fi dogon surutu. In lallai sai ka kawo matar nan, nemi izininta da na maigidanta, ta faɗi abin da ta kashe da abin da ya rage mata, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa nata sakamakon ne, na wani zai iya bambanta. Ka ajiye hoton littafin lissafinta ko za a tambaya.

Abban Khadija: Na gode, Allah ya saka. Sai dai ba ta rubuta lissafi, a ka take riƙewa.

Maman Sadiq: To cire adadin kawai, Yaya.