Taƙaitawa: yadda ƙarfen bindiga ke motsi lokacin harbi

'Yan uwa mafarauta na Jos, ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan ko motsin ƙarfen bindiga na shafar harbi:

1. An yarda bututun bindiga ba ya tsayawa ƙyam. Matsin albarushi a harsashin .308 yakan kai psi 60,000 (psi ma'aunin matsi ne), sai ƙarfen ya ɗan kumbura, yana kaɗawa kamar bulala.

2. In katakon bindiga ya taɓa bututu, ko ka ɗora shi kan dutse, saiti ya kauce. Zafi ma haka.

3. Inda aka rabu: sakatar bindigar Lee-Enfield (ƙarfen da ke rufe harsashi a ciki) daga baya take kullewa, shi ya sa kwanson harsashi ke miƙewa, ta bindigar Mauser kuwa daga gaba take kullewa. Wasu sun ce a daji bambancin ba komai ba ne. Ni dai ina bayansu.