"DNA sequencing" a binciken laifi: jerawa ko karatun jeri?

Bakano: Jama'a, a rahoton binciken laifi me za mu ce wa "DNA sequencing"? Na ga wasu na rubuta "jera DNA". Sai kuma "trace sample", shi me za mu ce masa?

'Yar Zariya: Malam, "jera" bai yi ba. A jere aka tarar da shi, na'ura dai ke karanta haruffansa huɗu, A, C, G, T, bi da bi. Karatun jeri ya fi. A kuma raba shi da gwajin da aka saba, wanda awon tsayi ne kawai: a duba gurabe 20 a jikin DNA, kamar yadda CODIS, rumbun bayanan DNA na Amurka, ke yi tun 2017, a ƙirga sau nawa ɗan yanki ya maimaitu. Mutum biyu kan zo da maimaici 12 a gurbi ɗaya, awo ya ce daidai suke, karatu ya tono harafin da ya bambanta.

Ɗan Maraɗi: Na biyun, "trace sample", a ce alama.

'Yar Zariya: A'a, Malam. Ka ce alama gaban alƙali, kamar ka nuna mai laifi ne. Ɓurɓushi dai, irin wanda hannu kan bari a ƙotar wuƙa. Ƙwayar jiki ɗaya DNA na pikogiram 6 take ɗauke da shi (pikogiram kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram), gwaji kuwa na son 500 zuwa 1,000. In bai kai 100 ba, ƙwayoyi 16 ke nan, sai a ƙara zagayen PCR, wato dabarar ninka kwafin DNA, daga 28 zuwa 34, kuma nan ake samun matsala. A sakamakon, DNA da aka gada wajen uwa ya fito, na uba ya ɓace, ko na baƙo ya kutso.

Basakkwace: Gaskiyar Hajiya. A Jamus 'yan sanda sun yi shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ke fitowa a laifuka barkatai, har da kisan 'yar sanda a garin Heilbronn. A 2009 aka gano ashe ma'aikaciya ce a masana'antar tsinken audugar da ake ɗaukar samfur da shi. Shi ya sa ake gwada tsinke fanko tare da samfur.

Bakano: To gashin da ya faɗo ba saiwa fa?

Basakkwace: Nan awon tsayi kan gaza, sai karatun jerin DNA na mitokondiriya, wato ɗan sashen ƙwaya mai samar da kuzari, don ita kwafinta ɗaruruwa ne a ƙwaya ɗaya. Amma ta wajen uwa ake gadonta, ba ta raba wa da ƙani 'yan ɗaki ɗaya. Ka sa wannan a rahoton, Malam.