An ɓalle madubi, an karce fenti: aikin ɓarawo ne ko na mahassadi?

Mai Buɗaɗɗiyar Mota

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota, musamman masu riƙe da ƙananan motocin nan masu gudu, masu ƙofa biyu. Tawa mai rufin yadi ce da ake naɗewa, kuma da yake gidan da nake zaune ba shi da gareji, a filin ajiye motoci take kwana tare da na maƙwabta. A 'yan makonnin nan an ɓalle gilashin madubin gefen direba, an ɓamɓare tambarin da ke kan but, sannan an ja wani abu mai tsini tun daga ƙofa har kan tayar baya, fentin ya karce. Na baya-bayan nan shi ne na tarar bambar gaba ta saki ta gefe ɗaya, daidai ƙarƙashin fitila, alhali babu alamar wata mota ta goge ta. Motocin da ke kusa da ita ba a taɓa ko ɗaya ba.

Abin da nake son sani shi ne, wannan aikin ɓarawo ne da ke neman abin sayarwa, ko kuwa wani ne kawai motar ta tsone wa ido? Wasu sun ce in riƙa rufe ta da tamfol, wasu sun ce rufewar ma kiran ɓarawo ce. Wane mataki ne yake da amfani a zahiri, ban da sayar da motar, domin wannan kam ban shirya masa ba?

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. A ganina hannu biyu ne suka taɓa motarka, kuma ya kamata ka raba su tun yanzu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya karce fenti bai amfana da komai ba, haushi ne kawai ya sauke. Amma wanda ya cire gilashin madubi ya bar kwanson lafiya lau, sannan ya dawo ya saki bamba daidai inda maɗaurin fitila yake, wannan ya san mota, kuma mai yiwuwa ya riga ya san wanda zai saya. Shi ne ya kamata ya hana ka barci.

Dalilin da ya sa irin waɗannan motoci suke jan ɓarayin kaya ba wai kyansu ba ne. Ba a ƙera su da yawa, kayan gyaransu na asali suna da tsada, kuma sau da yawa sai an yi oda an jira. Duk wanda ya fasa fitila a hatsari yana neman ta hannu da gaggawa, ita kuwa fitila ba ta da lambar da ɗan sanda zai duba a hanya. Abin da ake nema shi ne mai sauƙin cirewa, mai sauƙin ɗauka, mai kuma shiga jikin wata motar ba tare da gyara ba. Misalin da masu sana'armu suka fi sani shi ne Honda S2000, wadda aka ƙera daga 1999 zuwa 2009. Kujerunta sun yi suna wajen sata saboda ana iya ɗaura su a wasu motocin Honda, don haka ɓarawo yakan yanka rufin yadin da wuƙa, ya kwance notuna huɗu na kowace kujera, ya yi gaba. Mai mota ya wayi gari da asara biyu, ta kujeru da ta rufi, har ta kai ana sayar da notuna na musamman masu makulli don kujerun wannan motar. Fitilun Porsche ma sun sha wannan wahala a Turai, inda aka riƙa ɓalle na Cayenne da Panamera a Amsterdam wajajen 2012, domin an tsara su ne yadda bakanike zai zare su cikin sauƙi, ɓarawo kuma ya ci gajiyar wannan sauƙin.

Abu ɗaya da za ka ɗan samu sauƙinsa shi ne tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Ana satar ta ne saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma satar ta yi ƙamari a lokacin da farashin rodiyam ya haura dala 29,000 kan kowane oza a watan Maris na 2021. Sai dai ɓarawon salansa ya fi son mota mai tsayi daga ƙasa wadda zai kwanta ƙarƙashinta da zarto ya gama cikin mintoci kaɗan, ko kuma irin su Toyota Prius masu aiki da fetur da batir, da tukunyarsu ba ta cika lalacewa ba saboda injin ba ya aiki kullum. Motar da ta kusa shafar ƙasa kamar taka sai an ɗaga ta da jak, wannan kuwa yana cin lokaci.

Tunda an ɗauko maganar jak, to rim ne abin tsoro. Notin taya mai makulli yana da amfani, amma kada ka ɗauka ya gama magana, domin wanda ya ƙware yana da hanyar kwance shi. Amfaninsa shi ne yana ƙara wa aikin lokaci da hayaniya, kuma ɓarawon dare ba abin da ya ƙi jini kamar waɗannan biyun. Ka saya mai kyau wanda kansa yake juyawa a banza idan an kama shi da abin da ba makullinsa ba, kuma kada ka ajiye makullin a aljihun gaban mota inda kowa yake ajiyewa. Idan za ka faka, ka matsa sosai kusa da bango ko dakalin titi, ka karya sitiyari har ƙarshe, saboda tayar da aka karya tana da wuyar zarewa. Ƙararrawa kuwa, wadda ta dace da kai ita ce mai jin karkatar mota, wadda za ta yi kuka da zarar an ɗaga gefe ɗaya. Mai kuka duk lokacin da babbar mota ta wuce ba ta da amfani, domin kafin mako ya zagayo maƙwabta sun daina leƙowa.

Riwaya

Ina ƙara wa maganar Baba abu ɗaya, game da bambar da ta saki. Malam, ka gaya mana shekarar motar da irin makullinta. A motocin zamani fitilar gaba tana da 'yar kwamfutarta, kuma tana haɗe da layin wayar da sauran na'urorin mota suke magana da juna ta kansa, wanda ake kira CAN. A 2022 wani masanin tsaron kwamfuta a Landan ya tarar an ɓalle bambar motarsa Toyota RAV4 an zaro wayoyin fitila, ya ɗauka aikin 'yan ɓarna ne. Bayan wasu watanni aka sake yi, kwanaki kaɗan bayan haka motar ta ɓace ɗungurungum. Binciken da shi da wani masani abokinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa ta wayar fitilar ɓarayin suke jona wata na'ura, wadda take yaudarar motar cewa makullinta na gaskiya yana wurin, sai ƙofa ta buɗe, inji ya tashi.

Saboda haka ban yarda a kira sakin bamba ƙaramin abu ba sai an duba. Ka sa a leƙa bayan fitilar a ga ko an taɓa soket ko an fere waya. Idan kuma makullinka irin wanda ba a sakawa ne, ka riƙa ajiye shi nesa da ƙofa da taga, ko cikin 'yar jakar da ke tare sigina, domin akwai masu janyo siginar makulli daga cikin gida su kai ta jikin mota. Sandar kulle sitiyari ta ƙarfe, duk da cewa tsohon yayi ce, har yanzu tana aiki, tunda kwamfuta ba ta buɗe ta.

Ma'aikaciyar Inshora

Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina ganin an yi saurin wuce maganar karcen fenti. A wurin mai mota, sau da yawa shi ya fi madubi tsada. Fentin mota hawa-hawa ne, akwai share fage a ƙasa, sai launi, sai mai sheƙi a sama. Idan ka ja farce a kan karcen bai maƙale ba, to a saman ya tsaya kuma goge shi da inji zai iya ɓatar da shi. Idan farcen ya maƙale, ko kana hango fari ko ƙarfe a ciki, sai an sake fentin ɓangaren gaba ɗaya, kuma karcen da ya ratsa ƙofa zuwa baya ɓangare biyu ke nan, ban da gefunan da mai fenti zai shafa don launin ya saje. Ledar kariya da ake mannawa a kan fenti tana tare ƙaramin karce, amma wanda ya danna makulli da niyya yakan huda ta.

Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoton kowace ɓarna da rana, na kusa da na nesa, ka kai rahoto ga 'yan sanda ka karɓi shaidar rahoton, ko da kana ganin ba za a kama kowa ba, domin kamfanin inshora zai nema. Sannan ka karanta takardarka da kyau. Inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna kaɗai ba ta da ruwa da satar kayan motarka ko lalata ta, sai cikakkiya. Ko a cikakkiyar ma akwai kason farko da kai za ka biya a kowane da'awa, kuma idan ɓarnar ta faru a darare daban-daban ana iya lissafa ta a matsayin da'awa daban-daban, kowace da nata kason. Abin da ya fi jawo rigima a ofis shi ne kayan ƙari. Mutum zai sauya rim ko kujeru ko sitiyari da masu tsada, bai sanar ba, ranar da aka sace sai a biya shi kuɗin na asali ko a ƙi biya sam.

Kyamara tana taimakawa, sai dai in faɗi gaskiya, yawancin bidiyon da ake kawo mana ihu ne bayan hari, mutum ne da hula da takunkumi a cikin duhu. Inda take da amfani sosai shi ne wajen mai karce fenti, domin shi ba ya shiri, kuma galibi wanda ya saba bin wurin ne. Tamfol kuma na fi karkata ga amfani da shi, matuƙar mai ɗaurewa ta ƙasa ne da igiyar ƙarfe da kwado, saboda mai wucewa da mugun nufi ba ya tsayawa kwance ɗauri.

Mai Buɗaɗɗiyar Mota

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Motar ta kwana biyu, makullinta na sakawa ne, kuma da aka leƙa bayan fitilar wayoyin suna nan lafiya, sai dai maɗauri ɗaya ya karye. Na sami wani a intanet yana sayar da gilashin madubi irin nawa da maɗaurin fitila a ƙasa da rabin kuɗin sabo. Baba, kana ganin in saya?

Tsohon Bakanike

To, fitilar ce da kanta suka zo ɗauka, wani abu ya katse su, kuma ka sa a ranka za su iya dawowa. Ka sauya wurin kwanan motar a 'yan kwanakin nan, ko ka faka ta da gabanta manne da bango, a inda haske yake.

Game da sayen kuwa, ka tambayi mai sayarwar daga wace mota aka ciro, ka nemi lambar shasinta, mai haruffa da lambobi 17, da rasit. Mai kwance motocin hatsari na halal yana da waɗannan a rubuce kuma ba ya jin haushin tambaya. Ka duba kayan da idonka: waya da aka datse maimakon a zare soket, kunnen roba da ya karye, ko takardar lamba da aka kankare, duk alamun an ciro abu ne a guje. Na sha ganin mai mota yana zagin ɓarayi da safe, da yamma yana ciniki da wanda suka kai wa, har ma ba abin mamaki ba ne mutum ya sayi nasa. Hukumomi sun gane cewa a wurin mai saye matsalar take, shi ya sa dokar dillalan ƙarafa ta 2013 a Ingila da Wales ta haramta biya da tsabar kuɗi kuma ta wajabta duba shaidar mai kawo kaya, shi ya sa kuma a Nuwamban 2022 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta tuhumi mutum 21 a wata ƙungiyar cinikin tukwanen salansa na sata, tana neman ƙwace dukiyar da ta kai dala miliyan 545.

Sabon kayan da za ka ɗaura, ka sa a zana ƙarshen lambar shasinka a gefen gilashin madubi da jikin fitila da cikin rim, ka kuma manna sanarwar hakan a gilashi, domin kayan da aka yi wa alama dillali ba ya son riƙe shi. Rufin yadin kuma, kada ka bar ko tsumma a kan kujera. Wasu masu irin motarka ma sukan bar ƙofa ba kulle, wai gara a buɗe a duba a tafi da a yanka rufi.

Ma'aikaciyar Inshora

Baba, a yi mini afuwa, wannan ta ƙarshen kada Malam ya ɗauka. Takardun inshora da yawa suna da sharaɗin cewa dole mota ta kasance a kulle idan ba kowa a ciki, kuma idan aka gano an bar ta a buɗe da gangan kamfani yana iya ƙin biyan satar gaba ɗaya. Idan rufin ne abin damuwa, ka tambayi kamfaninka a rubuce ko yankan rufin yadi yana cikin abin da suke biya da kuma kason da zai hau kanka, ka ajiye amsar tare da hotunan motar da rasit ɗin duk abin da ka sauya a jikinta.