Injin ɗaki mai zamewa na motar gida yana ta ƙonewa, ina neman shawara

Baban Amira: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan motocin gida, musamman irin tirelar nan da ake ja. Na sayi tawa a hannun wani mutum a jihar Ohio ta Amurka, kuma tana da ɗaki mai zamewa waje a ɓangaren kicin, inda firji da teburin cin abinci suke. Injin da ke tura gefen baya na ɗakin ya ƙone, na sa sabo, bai ga ƙarshen bazara ba ya tsaya, yanzu kuma wanda ya maye gurbinsa ya soma kuka. Idan na danna maɓalli, gefen gaba yakan fita lafiya, na baya kuwa sai ya riƙa jan ƙafa har ɗakin ya karkace, daga nan komai ya tsaya cik. Mai gyaran da na kai wa ya ce in sayo wani injin, amma ina so in ji ta bakinku kafin in sake zuba kuɗi.

Kawu Makanike: Wa alaikumus salam, Baban Amira. Kada ka sayi komai tukuna. Injin da ya ƙone sau ɗaya ana iya cewa ƙaddara ce, amma idan sabo ya bi sahun tsoho a gefe guda, to akwai abin da ke kashe su, kuma zai kashe na gaba. Da farko ka gaya mana irin tsarin da ke jikin ɗakin, domin sun kasu kashi-kashi: akwai mai haƙoran ƙarfe a ƙarƙashin daɓe, akwai mai igiyoyin ƙarfe, akwai mai aiki da matsin mai, sannan akwai wanda injinansa biyu ke ɓoye cikin bango. Idan ka ga layukan alminiyam masu haƙora kamar igiyar ruwa a gefen ɗakin, sama da ƙasa, to na ƙarshen ne, wanda aka sani da Schwintek, na kamfanin Lippert da ke Elkhart a jihar Indiana.

Baban Amira: Shi ne, Kawu. Layuka biyu ne a kowane gefe.

Kawu Makanike: Madalla. A wannan tsari kowane gefe yana da injinsa, kuma babu sandar da ta haɗa su, sai dai akwatin sarrafawa da ke ƙirga juyin kowane inji ta hanyar sansar (ƙaramar na'urar gano juyi) da ke kansa, yana daidaita tafiyarsu. Ka nemo akwatin nan, galibi yana cikin ma'ajiyar kaya ta ƙasa ko bayan wata durowa, ka duba fitilunsa a daidai lokacin da ɗakin ya tsaya. Koriyar fitila tana ƙyaftawa sau ɗaya ko biyu don ta nuna wane inji ne, jar kuma tana faɗin laifin. Ƙyaftawa 2 na nufin wutar batir ta faɗi ƙasa da bolt 6 ana cikin aiki, 3 na nufin ba ta kai bolt 8 ba tun farko, 5 na nufin injin yana jan wuta fiye da kima, wato wani abu ya tokare shi, 8 kuwa saƙon sansa ne ba ya isowa, wanda sau da yawa laifin waya ne. Jerin yana rubuce a jikin akwatin, sai ka gwada da abin da ka gani. Idan 8 ce, wataƙila injinan da ka zubar lafiyarsu ƙalau.

Maman Khalil: Ni dai shawarata a fara da batir, domin shi ne mafi arha wajen bincike kuma shi aka fi mantawa da shi. Cikakken batir na dalma yakan nuna kusan bolt 12.6 idan yana hutawa, idan kuwa ya sauka zuwa 12.0 to ya kusa rabi. Amma awon da ke da amfani shi ne wanda za a yi a bakin akwatin sarrafawa yayin da wani yake danna maɓalli, saboda batir mai rauni, ko kan waya mai tsatsa, ko wayar da ke ɗaure da shasi idan ta saki, duk sukan nuna lafiya har sai an ɗora musu nauyi. Inji ba ya samun ƙarfin tura ɗaki da ƙarancin wuta, sai ya riƙa tafiyar hawainiya yana ɗaukar zafi. A gidanmu ba ma taɓa maɓallin sai tirela tana jone da wutar sansani, wato wurin da motocin gida ke yada zango, ko janareto yana aiki.

Direban Greensboro: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ƙarancin wuta zai wahalar da injinan biyu ne tare, shi kuwa Baban Amira gefe ɗaya ne yake cin masa inji. Wannan ya sa hankalina ya fi karkata ga nauyi da gogayya. Haƙoran da ke gefen ɗakin ba a yi su don ɗaukar nauyinsa ba, aikinsu turawa da jawowa ne kawai, nauyin kuwa yana kan ƙananan tayoyin da ke ƙarƙashin daɓen. Idan taya ɗaya ta fashe, ko ta nutse cikin katakon da ruwa ya ruɓar, ɗakin zai sauka a wannan gefe, giyar ta matsu a cikin haƙora, injin ya riƙa fama har ya ƙone. Malam, ka fitar da ɗakin rabi, ka kwanta da tocila ka duba ƙarƙashinsa. Ka nemi tsagi ko kwarin da taya ta haƙa, ka danna katakon da yatsa ka ji ko ya yi laushi, sannan ka duba layin alminiyam ko akwai garin ƙarfe ko haƙoran da suka cinye. Ina da tambaya kuma: a wane gefe firjin yake?

Baban Amira: Firjin yana gefen baya, daidai inda injin ke mutuwa, kuma babba ne irin na gida wanda mai tirelar na farko ya sa.

Direban Greensboro: To ai ka ga bakin zaren. Ɗakin kicin dama shi ne mafi nauyi, ga shi an ƙara masa firjin da ba da shi aka auna shi ba, a cike da kaya kuma. Ka auna tazarar bango da ɗaki da tef a kusurwoyi huɗu, idan na baya ya bambanta da na gaba ka san ya sauka. Masu gyara sukan sa faranti na ƙarfe ko na roba mai tauri a inda taya ke bi, wani lokaci su ƙara taya a ƙarƙashin wuri mai nauyi.

Kawu Makanike: Na yarda da batun tayoyi, zan ƙara abu biyu da suka shafi injin kansa. Injinan nan suna zuwa da giya iri biyu, 300:1 da 500:1 (wato juyi 300 ko 500 na inji ne ke ba da juyi ɗaya na giya), kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Idan aka sa mai 300 a gefe ɗaya alhali ɗayan 500 ne, gudunsu da ƙarfinsu ba za su taɓa daidaituwa ba, don haka ka karanta takardar da ke manne a jikin kowanne. Na biyu, bayan an canza inji dole a sake daidaita su. Ka fitar da ɗakin gaba ɗaya, ka ci gaba da riƙe maɓalli har injinan su yi shiru da kansu, ka mayar da shi ciki kamar inci ɗaya ko biyu, ka sake fitarwa, ka maimaita haka sau uku, sannan ka shigar da shi duka ka riƙe maɓallin har su tsaya. Mutane da yawa suna sakin maɓalli da zarar ɗaki ya taɓa bango, wasu kuma suna barinsa a rabi don su samu hanyar shiga banɗaki, alhali a ƙarshen tafiya ne akwatin yake gyara ƙirgensa.

Maman Khalil: Kawu, batun man shafawa fa? Na ga wasu suna lafta giris a kan haƙoran.

Kawu Makanike: Giris a waje ƙura da yashi yake tarawa, su zama kamar sanfefa. A wanke layukan da ruwa da sabulu, a fesa mai mara kauri irin mai PTFE (sinadarin santsi da ake kira Teflon) a wuraren da ke zamewa bayan robar gefe da kuma mahaɗar inji, robobin kuma a shafa musu maganinsu don kada su bushe su riƙe bango. Yayin da kake wurin, Baban Amira, ka ɗaga robar sama ka duba ko ruwan sama yana gangarowa kan injin, domin yana zaune ne a can saman ginshiƙin da ke tsaye a gefen ɗakin, kuma tsatsa a kan sansa takan kawo irin wannan tsayawar. Ka bi wayar ma da hannu, takan maƙale tsakanin ginshiƙi da bango har ta tsage.

Yaya Mai Tirela: Abin da ban ji an ambata ba shi ne daidaita tirelar kafin a fitar da ɗaki. Idan ta karkata, ramin bangon kansa yakan murɗe kaɗan, ɗakin ya matse a kusurwa. A yawancin tireloli ana daidaitawa ne tukuna, amma wasu manyan motoci littafinsu ya ce a fitar da ɗaki kafin a sauke jak, saboda haka kowa ya bi nasa littafin. Sannan yana da kyau ka san mafita idan ya maƙale maka a sansani: ka danna ɗan maɓallin da ke kan akwatin sau shida, a na bakwai ka riƙe har fitilu su soma ƙyaftawa, sai ka shigar da ɗakin da maɓallin bango kana lura da gefen biyu, domin a wannan hali akwatin ba ya daidaita su. Idan hakan ya faskara, akwai sukurun da ke riƙe inji ta waje a bayan roba; a kwance shi, a ɗaga injin kamar rabin inci a gefen biyu, mutane su tura ɗakin da hannu. Kada a hau hanya sai an mayar da injinan mazauninsu ko an tokare ɗakin da katako ta ciki.

Baban Amira: Allah ya saka da alheri. Jar fitilar ta ƙyafta sau 5, injinan duka 500:1 ne, tayar da ke ƙarƙashin firji kuwa ta haƙa kwari a katako. Direba, wane kaurin faranti kake ganin zai ɗauki wannan nauyi, kuma sai an ɗaga ɗakin da jak kafin a sa shi?