Lasifika Mai Tsada: Abin da Masu Harkar Sauti a Kaduna Suka Tsaya a Kai

Bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kafin a tambayi farashi, a duba om (ma'aunin tirjiyar da lasifika ke yi wa wutar lantarki) da desibel (dB, ma'aunin ƙarfin sauti) na lasifikar. Lasifikar KEF LS50 tana da 85 dB kawai, don haka mayunwaciya ce, wato tana buƙatar wuta mai yawa kafin ta yi ƙara. Klipsch masu bakin ƙaho kan wuce 90 dB, amfilifaya (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga lasifika) mai wat kaɗan ma ta ishe su. Duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat sau biyu, a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami.

Manyan Bowers & Wilkins an rubuta musu om 8, amma a wasu sautukan sukan sauka kusan om 3, kuma idan om ya sauka, lasifika takan ƙara jan wuta daga amfilifaya. Amfilifayar da ba ta jure om 4 za ta yi zafi, bes (sauti mai kauri) ya yi laushi. Kuma ƙaramar amfilifaya da aka murɗa har ƙarshe ita ke ƙona tuwita (ɓangaren lasifika mai fitar da siririn sauti), domin sautin da take fitarwa ya riga ya tsage.

Batun kyau kuwa, an yaba Sonus Faber ta Italiya saboda katako da fatarta, sai dai bushewar hunturu na cutar da katako, ƙura kuma na maƙalewa a baƙin fenti mai ƙyalli. A riƙa rufewa.

Falonmu mai tayil yana amsa kuwwa, a shimfiɗa kafet, a sa labule mai kauri. Lasifika mai ramin iska a baya a janye ta kamar rabin mita daga bango. A ware kuɗin sitabilaiza tun farko, ganin yadda wutarmu ke hawa da sauka.