Wai me ya sa Fafaroma yake zaune a zanen naɗin Napoleon?

Ummu_Khairat:
Salam jama'a, don Allah masana tarihi ku taimaka min. Na ga wani zane na bikin naɗin Napoleon sarkin Faransa, shi yana tsaye ya ɗaga kambi sama da hannu biyu, matarsa Josephine ta durƙusa a gabansa, Fafaroma kuma yana zaune a baya kamar ɗan gayyar ɗaurin aure. Ni na zata shi ke naɗa sarakunan Turawa, to ya aka yi miji ke naɗa matarsa?

Malam_Tarihi:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Zanen Jacques-Louis David ne, yana gidan tarihi na Louvre a Paris, faɗinsa ya kusa mita 10. An yi bikin ranar 2 ga Disamba 1804 a cocin Notre-Dame, kuma Fafaroma Pius na 7 tun daga Roma ya taso, amma da aka zo wajen kambin sai gogan naki ya ɗauka ya ɗora wa kansa da hannunsa, wato dai mulkin nan ba coci ce ta ba shi ba. David da farko haka ya zana shi yana naɗa kansa, daga baya aka canza zuwa naɗa Josephine saboda wancan ya cika nuna girman kai. Ki duba hannun Fafaroma da kyau, za ki ga ya ɗan ɗaga shi yana sa albarka, da farko hannayen a kan cinya suke, Napoleon ne ya sa aka gyara.

Ɗan_Birni:
Malam ka manta babbar ƙaryar ai. Dattijuwar nan da ke hakimce a kan kujera a tsakiya daga sama, mahaifiyarsa ce Letizia, kuma wallahi ba ta je bikin ba, tana fushi saboda rigimarsa da ƙaninsa Lucien. Kawai aka zana ta.

Ummu_Khairat:
Ikon Allah! Amma ni dai na ga so a ciki gaskiya, ji yadda Josephine ta sunkuyar da kai ta haɗa hannuwa.

Maman_Sadiq:
Hmm 'yar uwa wane so? Shekarunta 41 a lokacin, ta girme shi da shekara 6, mai zanen ne ya mayar da ita yarinya. Dangin miji ma ba ƙaunarta suke ba, ƙannensa mata sai da aka yi daru kafin suka yarda su riƙe mata jelar alkyabba, shi ya sa a zanen suna tsaye a gefe wasu matan fada ne suka riƙe. Zuwa ƙarshen 1809 ya rabu da ita don ba ta haifa masa magaji ba, 1810 ya auro Marie-Louise 'yar sarkin Ostiriya.

Ɗan_Birni:
Hajiya ki ƙara girman hoton ki duba benen da ke saman mahaifiyar, David ɗin ma ya saka kansa a ciki yana zane.