Wa ya taɓa gwada maganin funfuna mai rai a gonarsa?

Mai masara, Saminaka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara wani kamfanin abincin kaji ya dawo mini da masara buhu 40, wai gubar funfuna ta yi yawa a ciki. A gabana aka casa ta, fes take a ido, amma na'urarsu ta ƙi ta. Dole na karyar da ita a kasuwa. Malamin gona ya ce feshin sinadari ba ya maganin wannan, in nemi Aflasafe. Don Allah wanda ya taɓa sawa da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani.

Dattijo daga Soba: Wa alaikumus salam. Damina 3 ke nan ina sawa. Ƙwayar dawa ce da aka kashe don kada ta tsiro, aka shafe ta da wata funfuna marar guba, aka rina ta shuɗi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da ita. Kilo 10 ake watsa wa kadada guda, da hannu kamar watsa taki, sati 2 zuwa 3 kafin masara ta yi fure. Bayan 'yan kwanaki in ka duƙa za ka ga kowace ƙwaya ta yi kore-kore a ƙasa. Ranar da na fara gani hankalina ya tashi, ashe aikin ke nan: ta riga mai gubar kama wuri kafin masara ta yi goyo. Tun daga lokacin ba a sake dawo mini da kaya ba.

Wani daga Giwa: Baba, ni ban ga wannan koren ba sam. Na watsa cikin fari, ƙasa ta bushe ƙamas, bayan kwana 2 kuma yara suka shiga huɗa suka binne ta. Kuɗina ya tafi a banza. Sai daga baya aka ce mini tana son laima, kuma a sarari ake barin ta.

Mai ƙuli-ƙuli, Dawanau: Malam na Saminaka, kada ka ga laifina, amma masarar da ka karyar a tukunyar wani ta ƙare. Abin da kaji suka ƙi shi ake dama wa yara kunu. Gubar nan hanta take ci, tana kuma hana yaro girma, ga shi dahuwa ba ta kashe ta. Mu da gyaɗa take zo mana. Yanzu sai na zauna na tsince yamutsattsu da masu baƙi-baƙi kafin in soya, kuma ba na ba ko awaki.

Mai tumatir, Kadawa: Nawa daban ne. Irin da nake reno kan ruɓe daga gindi ya kwanta, wani lokaci rabin fangali cikin dare 2. Na cuɗa Trichoderma, wata funfuna mai amfani da ke kare saiwa daga cuta, da ruɓaɓɓen takin gida, na bar shi a inuwa sati guda kafin in zuba iri. Saiwa ta fito fara tas, na sami abin dashe har na ba maƙwabci. Karo na biyu na sayi fakitin da ya sha rana a rumfar wani mai shago, ko alama bai yi ba. Abu ne mai rai, zafi na kashe shi. Kada kuma a haɗa shi da mancozeb, sinadarin feshi mai kashe funfuna. In cuta ta riga ta kama ganye, gaskiya har yau feshi nake komawa.

Mai masara, Saminaka: Hajiya mai ƙuli-ƙuli, maganarki ta tsaya mini a rai, Allah ya yafe mana. Baba, ke nan sai na gama huɗa da takin ƙarshe?

Dattijo daga Soba: Ƙwarai. Ka gama komai, ka jira a yi ruwa, washegari ka watsa. In gonar na kusa da gida, a tsare kaji da zabi na 'yan kwanaki.